Yadda za ka haɗa ƙananan jimlolin yau da kullum da harshen Choctaw

Jama'a duk wanda ya taɓa furta sunan jihar Oklahoma ta Amurka to ya riga ya yi magana da harshen Choctaw ko bai sani ba, don kalmomi biyu ne aka haɗa, okla wato mutane ko al'umma, da humma wato ja, wani shugabansu Allen Wright ne ya kawo shawarar sunan a 1866. Su masu harshen Chahta suke kiran kansu (mu da rubutunmu sai mu ce Cahta), harshen kuma Chahta anumpa. Asalinsu mutanen yankin Misisipi ne, bayan yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek ta 1830 aka tasa ƙeyar mafi yawansu zuwa yamma tsakanin 1831 da 1833, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da ciwo, shi ya sa yau za ka same su kashi kashi, babbar al'umma a Oklahoma mai hedikwata a garin Durant, wasu a Misisipi zuriyar waɗanda suka ƙi tashi, da kuma ƙaramin rukuni a Luwiziyana. Harshe ne da ya sha wuya sosai, an yi zamanin da ake hukunta yara a makarantun kwana in sun yi shi, amma kuma shi ne sojojin Amurka suka fake da shi a 1918 a Faransa lokacin yaƙin duniya na ɗaya, samarin Chahta suna aika saƙo ta wayar tarho Jamusawa na saurare ba sa gane komai. Ni dai tunda na fara koyonsa ya shiga raina, kuma abin da na lura Bahaushe yana da sauƙin kama shi a wurare da dama in aka nuna masa ta hanyar da ta dace da kunnensa, to shi ne zan yi ƙoƙarin yi a nan.

Ka nemi littafin rubutu ɗaya da biro, kar ka ce a waya za ka riƙa ajiyewa, akwai wasu alamomi da kibod ɗin waya ke ba da wahala.

Mataki na farko: ka san yadda ake karanta abin da ka gani

Ba zan daɗe a nan ba amma dole ne. Ch ɗinsu shi ne c namu, kamar a ciki ko cokali. Sh kuwa sh ne dai. Harafin v da za ka ga ya cika ko'ina ba baƙi ba ne, wasali ne, gajeren a ne kawai, asalin alamar wata ce mai kama da u mai lanƙwasa amma saboda na'urar buga rubutu ba ta da ita sai aka koma sa v, don haka in ka ga yvt ka karanta yat, in ka ga vlla ka karanta alla. E a tsohon rubutunsu dogon i ne, shi ya sa yakoke (na gode) ake jan ƙarshensa kamar yakookii. Wasalin da aka ja wa layi a ƙasa, a̱ i̱ o̱, ta hanci ake fitar da shi. Sai lh wanda mu ba mu da shi kwata kwata, ka ɗora harshenka inda kake ɗorawa in za ka ce l, kar ka motsa shi, sai ka hura iska ta gefe biyun harshen ba tare da murya ba, za ka ji wani sauti kamar na iskar taya tana fita a hankali, to shi ne a cikin hilha (rawa).

Wani abu da zai yi maka daɗi, suna ninka baƙi kamar yadda muke yi a hannu da kunne, don haka chukka (gida) da hattak (namiji, mutum) ba za su ba ka matsala ba. Abu ɗaya kuma da zai iya kama ka, p da f daban suke a wajensu, pisa (gani) da p ne na leɓe a rufe, ofi (kare) da f, mu kuma kun san yadda muke gauraya su. Sannan h na tsakiyar kalma a furta shi, Chahta, tohbi, kar a haɗiye.

Mataki na biyu: aikatau ne ke zuwa ƙarshe

Nan ne ginshiƙin. Mu muna cewa mace ta sha ruwa, su kuma mace, ruwa, sha. Wanda ya iya Barbarci ko yake jin Indiyanci wannan tsari ba baƙo ba ne a wajensa. Mai yin aikin a farko, abin da aka yi wa aikin a tsakiya, aikin a ƙarshe. Kuma mai yin aikin ana maƙala masa wata 'yar alama a bayansa don a san shi ne, vt in kalmar ta ƙare da baƙi, yvt in ta ƙare da wasali, wani lokaci za ka ga hvt a bayan wasu kalmomi, duk aiki ɗaya suke yi.

Ga 'yan kalmomi ka rubuta su gefe guda: hattak namiji, ohoyo mace, vlla yaro ko yarinya, ofi kare, katos kyanwa, issuba doki, wak saniya, oka ruwa, nipi nama, tanchi masara, holisso littafi ko takarda, tvmaha gari. Aikatau kuma: nusi barci, balili gudu, pisa gani, ishko sha, vpa cin wani abu, impa cin abinci, chumpa saye, toksvli aiki, taloa waƙa, ia tafiya, minti zuwa.

Ofi yvt nusi. Kare yana barci.
Hattak vt toksvli. Mutumin yana aiki.
Ohoyo yvt oka ishko. Matar tana shan ruwa.
Vlla yvt ofi pisa. Yaron yana ganin kare.
Ofi yvt vlla pisa. Kare yana ganin yaron.

Ka dubi biyun ƙarshen nan da kyau, yvt ɗin ne ke gaya maka wa ke kallon wa. Ka kuma lura babu wani yana ko tana a ciki, in ana maganar wani na uku aikatau tsirararsa yake zuwa ba a ƙara masa komai, har ma za ka iya cewa Nusi kawai, ya zama cikakkiyar jimla, yana barci ko tana barci. Babu bambancin namiji da mace a nahawunsu ko kaɗan, babu ka da ki, babu ya da ta, wannan kam hutu ne ga wanda ya saba da Hausa da Larabci.

Wani ɗan bambanci da ya kamata ka riƙe tun yanzu, impa da vpa. Impa shi ne zama a ci abinci ba tare da an faɗi abin da ake ci ba, vpa kuma sai an ambaci abin. Hattak vt impa, mutumin yana cin abinci. Hattak vt nipi vpa, mutumin yana cin nama.

Mataki na uku: sifa da ƙidaya a bayan suna

Mun riga mun gani a okla humma. Haka sunan Tvshka Homma, tsohuwar cibiyar mulkinsu a Oklahoma, jan mayaƙi ke nan, da Bok Chito a Misisipi wato babban rafi. Kamar dai mu ce kare baƙi, gida babba. Chito babba, lusa baƙi, tohbi fari, humma ja, achukma mai kyau, champuli mai daɗi ko zaƙi. Ofi lusa, chukka chito, issuba tohbi. Abin lura shi ne inda alamar yvt ta faɗa, in ta zo bayan sifar to duka biyun ne mai aikin, in kuma ta shiga tsakaninsu to sifar ta koma ita ce labarin da ake bayarwa.

Ofi lusa yvt nusi. Baƙin karen yana barci.
Ofi yvt lusa. Karen baƙi ne.

Babu buƙatar wani ne ko ce, sifa a harshen nan ita kanta kamar aikatau take. Nipi yvt champuli, naman da daɗi, shi ke nan an gama.

Ƙidaya ma a baya take kamar tamu: achvffa 1, tuklo 2, tuchena 3, ushta 4, talhapi 5, hannali 6, untuklo 7, untuchena 8, chakkali 9, pokkoli 10. Suna kuma ba ya canzawa don jam'i, ofi dai ofi ne ko ɗaya ko goma, babu wahalar kare karnuka, doki dawaki. Ofi tuklo karnuka biyu, ofi lusa tuklo baƙaƙen karnuka biyu.

Mataki na huɗu: ni iri uku

To nan nake so ka zauna da kyau don wallahi duk wanda ya kama wannan ya kama rabin harshen, wanda kuma ya tsallake shi zai yi ta haɗa jimlar da ba ta zauna ba. A Choctaw babu hanya ɗaya ta cewa ni, hanya uku ce, kuma aikatau ne ke zaɓar wadda yake so. Ka ja layi biyu a shafi ka raba shi gida uku.

Gida na farko na aikin da mutum ke yi da kansa ne da niyyarsa, gudu, rawa, ci, sha, saye. A nan ni shi ne li kuma a bayan aikatau yake zuwa, shi kaɗai ne ma ke zuwa a baya, sauran duk a gaba suke. Kai ko ke ish, mu il in wasali ne a gaba ko e in baƙi ne, ku kuma hvsh.

Impa li. Ina cin abinci.
Ish impa. Kana cin abinci.
Il impa. Muna cin abinci.
Hvsh impa. Kuna cin abinci.
E hilha. Muna rawa.
Oka ishko li. Ina shan ruwa.
Tvmaha ia li. Zan shiga gari, ina tafiya gari.

In mutane da yawa ne ake magana a kansu sai a sa okla kafin aikatau, Okla hilha, suna rawa.

Gida na biyu na abin da ke samun mutum ne ba shi ya jawo ba, yunwa, gajiya, ciwo, farin ciki. A nan ni ya koma sa a gaba (wasu na rubuta sv), kai chi, mu pi, ku hachi. Kuma ka ga inda Hausa ke taimakonka, ai mu ma ba ma cewa na yi yunwa kamar wani aiki ne muka tashi muka yi, cewa muke yunwa ta kama ni, zazzaɓi ya kama ni, gajiya ta taso min, wato ni ne abin ya faɗa wa. To haka tunanin yake a can, sa ɗin nan shi ne ni na cikin ta kama ni.

Sa hohchvffo. Ina jin yunwa.
Chi hohchvffo. Kana jin yunwa.
Sa tikahbi. Na gaji.
Sa yukpa. Ina farin ciki.
Si abeka. Ba ni da lafiya.

A ta ƙarshen sa ya zama si saboda a ce ta biyo baya. Ni na yi makonni ina rubuta hohchvffo li a littafina don na ɗauka li shi ne ni a ko'ina, sai ranar da na saurari wata dattijuwa a wani darasi na bidiyo tana maimaita sa hohchvffo, sa hohchvffo a hankali, na koma na bi shafuka ina gogewa, tun daga ranar duk sabon aikatau da na koya ba na rubuta shi shi kaɗai, da nasa ni nake rubuta shi. Ka yi haka kai ma, kar ka haddace tikahbi, ka haddace sa tikahbi.

Kalmar so ko buƙata, bvnna, a wannan gidan take, kuma za ka yi amfani da ita kullum. Oka sa bvnna, ina son ruwa. Nipi sa bvnna, ina son nama. In aiki ne kake son yi sai ka sa shi a gaba, Impa sa bvnna, ina so in ci abinci, Nusi sa bvnna, ina so in yi barci.

Dalilin da ya sa na ce sa shi ne ni na cikin ta kama ni zai fito maka fili yanzu, domin waɗannan ƙananan kalmomin na gida na biyu su ne kuma ake amfani da su ga wanda aka yi wa aiki. Ofi yvt sa pisa, kare yana gani na. Chi pisa li, ina ganin ka, chi kai, pisa gani, li ni. In ka juya, kana gani na, sai ya zama Is sa pisa, ish ya rasa h ɗinsa saboda s da ke binsa. Si apela, taimake ni.

Gida na uku shi ne na mini da maka da masa. Am, chim, im, pim, in wasali ya biyo baya, in kuma baƙi ne sai m ɗin ya narke ya koma hanci, a̱, chi̱, i̱, pi̱. Am anoli, faɗa min. Chim anoli li, ina faɗa maka. Akwai kuma 'yan kalmomi da mai abin yake zuwa a wannan siffa, wadda ta fi shahara ita ce ta gaisuwa, Chim achukma? wato kamar a ce da kyau gare ka, lafiya kake? Amsa Am achukma, lafiya lau nake. Haka mantuwa, Am ihaksi, kamar yadda muke cewa ya shige min, ya kwanta min.

Waɗannan gidaje biyu na baya su ne kuma na mallaka, shi ya sa na ce rabin harshen ne. Abin da za ka iya saya ko sayarwa ko bayarwa yawanci da gida na uku ake mallakarsa, am ofi karena, chim ofi karenka, im ofi karensa, a̱ chukka gidana, chi̱ chukka gidanka. Abin da yake jikinka ne ba ya rabuwa da kai, yawancin sassan jiki da suna da wasu 'yan uwa na jini, da gida na biyu, sa nushkobo kaina, sa hohchifo sunana, svshki mahaifiyata, chishki mahaifiyarka. Amma mahaifina a̱ki ne, da na uku, don haka kalmomin dangi a haddace su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan za ka iya gabatar da kanka, Sa hohchifo yvt sai ka faɗi sunanka. Ka kuma tambayi wani, Chi hohchifo yvt nanta? Akwai wata magana da za ka gani a jikin riguna da motoci a ƙasarsu, Chahta sia hoke, ni Chahta ne, hoke ɗin na ƙarfafawa ne kamar mu ce tabbas ko kam.

Akwai cikakkun wakilan suna, vno ni, chishno kai, pishno mu, amma ba a jefa su a kowace jimla, sai in ana son nuna bambanci kamar mu ce ni kam ko kai fa. Daga nan ne Chishnato? ta fito, kai fa?

Mataki na biyar: jiya da gobe

Wannan da sauƙi. Abin da ya wuce bai daɗe ba tuk a ƙarshe, wanda ya daɗe sosai tok. Impa li tuk, na ci abinci. Ohoyo yvt tanchi chumpa tuk, matar ta sayi masara. Chi pisa li tuk, na gan ka. Tok kuwa na labarin da ne, abin da ya faru shekaru baya ko zamanin kakanni. Ka kula fa, akwai tarko a nan, rubutun harshen ba ɗaya ba ne, wanda nake bi a nan shi ne na gargajiya da ya samo asali daga aikin masu wa'azin Kirista irin su Cyrus Byington a ƙarni na 19, wanda ƙamus ɗinsa bai fito ba sai 1915 bayan rasuwarsa, shi ake koyarwa a Oklahoma. Masana harshe kuma suna da nasu salon inda suke rubuta na kusan da tok, na nesan kuma ttook, a Misisipi ma rubutun ya ɗan bambanta. To in ka buɗe wani abu ka ga babu v ko ɗaya kuma ana ninka wasali, ka san salon ya canza, kar ka ruɗe ka ce wani ya yi kuskure.

Na gaba kuma a chi̱ ne, sai dai a ɗin yana cinye wasalin da ke gabansa. Nusi ya zama nusa chi̱, minti ya zama minta chi̱, li kuma ya zama la.

Ofi yvt nusa chi̱. Kare zai yi barci.
Impa la chi̱. Zan ci abinci.
Ish minta chi̱. Za ka zo.

Kalmomin lokaci a farkon jimla suka fi zama, pilashash jiya, himmak nitak yau, onnakma gobe. Pilashash toksvli li tuk, jiya na yi aiki. Onnakma tvmaha ia la chi̱, gobe zan je gari. Yanzu ka warware sallamarsu da kanka, Chi pisa la chike, chi kai, pisa gani, la ni tare da alamar gaba, chike kuma ya fi chi̱ ƙarfi, alkawari ne, zan sake ganin ka. Su da kansu suna yawan cewa ba su da kalmar ban kwana, wannan ce, kamar dai namu sai an jima ko sai mun haɗu, kuma mutanen da aka raba da ƙasarsu da 'yan uwansu ta ƙarfi in suka ce haka maganar tana da nauyi.

Mataki na shida: tambaya da korewa

Tambayar e ko a'a, ka bar jimlar yadda take ka ƙara ho̱ a ƙarshe. Ish impa ho̱? Kana cin abinci? Chi hohchvffo ho̱? Kana jin yunwa? Oka chi bvnna ho̱? Kana son ruwa? In abin ya wuce ne sai ha̱, Ish impa ha̱? Ka ci abinci? E shi ne a̱ ta hanci, a'a kuma kiyo, za ka ga wasu sun rubuta keyu.

Kalmomin tambaya: nanta me, kvta wa, katimma ina. Nanta chi bvnna? Me kake so? Katimma ish ia? Ina za ka? Nanta ish vpa? Me kake ci? Akwai biyu da nake so ka riƙe don su ne makaman ɗan koyo, ilvppvt wannan, yvmmvt wancan. Ilvppvt nanta? Mene ne wannan? Yvmmvt issuba, wancan doki ne. Yvmmvt kvta? Wane ne wancan?

Korewa hanya biyu ce. Mai sauƙin ka sa kiyo a ƙarshe. Impa li kiyo, ba na cin abinci. Sa hohchvffo kiyo, ba na jin yunwa. Nipi sa bvnna kiyo, ba na son nama. Ofi yvt nusi kiyo, kare ba ya barci. Da wannan za ka iya tafiya wata da watanni. Ta biyun ita ce za ka fi ji a bakin dattawa, tana kama da ba da ba ɗinmu da ke kewaye aikatau gaba da baya, ana sa ak (ni) ko chik (kai) ko ik (shi, ita) a gaba, wasalin ƙarshe kuma ya koma o. Impa ya zama ak impo, chik impo, ik impo. Wani lokaci cikin kalmar ma yakan canza, pisa ya zama ak peso. Kar ka matsa wa kanka a kanta yanzu, guda ɗaya dai ka haddace, Ak ikhano, ban sani ba, daga ikhana sani.

Umarni kuwa aikatau ne tsirara, Minti zo, Binili zauna, Impa ci abinci. In mutane da yawa ne Ho minti, ku zo. Mu yi kaza kuma kil ne kafin wasali, Kil ia mu tafi, Kil impa mu ci abinci.

Gargaɗi ɗaya kafin ka fara haɗa naka. Wasu aikatau na motsi da zama suna canzawa gaba ɗaya gwargwadon yawan masu yi, tafiya ga mutum ɗaya ia ce, ga mutum biyu ittiachi, ga masu yawa ilhkoli. Don haka a makonnin farko ka tsaya ga mutum ɗaya in kana amfani da tafiya da gudu da zama, sauran irin su impa da hilha da taloa ba su da wannan rigimar.

Mataki na bakwai: ka sa su aiki

Yadda ni nake yi, da safe bayan na idar da sallah kafin gida ya cika da hayaniya sai in zauna bakin ƙofa in faɗi abu biyar da idona ya gani, da murya ba a zuci ba. Kyanwar maƙwabta ta kwanta kan katanga, katos vt nusi. Yaro ya wuce a guje da bokiti, vlla yvt balili. Na ɗaga kofi, oka ishko li. Daga nan sai in ɗauki ɗaya daga ciki in juya ta sau huɗu, in mai da ita jiya, in mai da ita gobe, in yi tambaya da ita, in kore ta. Katos vt nusi tuk. Katos vt nusa chi̱. Katos vt nusi ho̱? Katos vt nusi kiyo. Minti goma ya isa, jimla ɗaya ta zama biyar.

Sai dai rubutu kaɗai ba zai ba ka sautin ba, domin kamar bokonmu ne, ba ya nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya yadda ya kamata, mu mun san fari da fari ba ɗaya ba ne sai an ji a kunne. Al'ummar Choctaw ta Oklahoma tana da makarantar harshe mai suna Chahta Anumpa Aiikhvna da ke koyarwa ta intanet, akwai darussa da muryoyin masu harshen, a YouTube ma za ka samu dattawa suna magana, ka ware 'yar data ka saurara ka maimaita a bayansu, in abin da ka ji a bakinsu ya saɓa da abin da na rubuta to nasu za ka bi, harshensu ne.

Ga hira nan da aka gina da abin da muka bi kawai, kalmomi biyu ne sababbi, halito wato sannu, da akinli wato ni ma ko haka nan. Ka karanta da ƙarfi, sannan ka rufe Hausar ka gwada warware kowace jimla ka ce wannan ni ɗin na wane gida ne.

Halito! Chim achukma? Sannu, lafiya kake?
A̱, am achukma. Chishnato? E lafiya lau, kai fa?
Am achukma akinli. Katimma ish ia? Ni ma lafiya. Ina za ka?
Tvmaha ia li. Nipi chumpa la chi̱. Gari za ni, zan sayi nama.
Ish impa ha̱? Ka ci abinci?
Kiyo, sa hohchvffo. A'a, yunwa nake ji.
Minti, kil impa! Zo mu ci abinci.
Yakoke! Nipi yvt champuli. Na gode, naman da daɗi.
Chi pisa la chike. Sai na sake ganin ka.

In ka gama sai ka cire nipi ka sa tanchi, ka cire tvmaha ka sa chukka, ka mai da sa hohchvffo ya zama sa tikahbi ka ga me ya kamata abokin hirar ya ce maka maimakon kil impa, amsar tana cikin kalmomin umarnin da ke mataki na shida.